Koren bandeji: yadda ake gano Pseudomonas, a gwada ta da magani, a kuma san inda faranti ke yaudara

Idan aka kwance bandejin mai ƙuna ko mai gyambon ciwon suga, aka tarar audugar ta rine ta koma kore mai ratsin shuɗi, ga wani ƙamshi-ƙamshi mai zaƙi da bai yi kama da warin ruɓa ba, sistar da ta daɗe a ɗakin ba ta jiran takardar leb kafin ta ce ƙwayar cutar Pseudomonas ce. Galibi kuma ta canka. Launin nan shi ne ya ja hankalin Carle Gessard, wani mai harhaɗa magunguna ɗan Faransa, har ya ware ƙwayar daga bandejin majiyyata a 1882. Gane ta ba shi da wuya. Wuyar tana wurin magani, domin sau da yawa takarda za ta ce magani kaza na kashe ta, a yi wa majiyyaci allurarsa kwana 7, a buɗe ciwo a tarar da koren nan yana nan daram. Wani lokaci laifin daga gwajin ne, wani lokaci kuma gwajin daidai yake, ƙwayar ce ta sauya yadda take ci da yadda take numfashi a cikin ciwon. Sunayen magunguna an bar su a nan yadda suke a jikin kwali don kada a samu ruɗani.

Abin da take ci, da inda take kwana

Pseudomonas aeruginosa ƙwayar bakteriya ce mai siffar sanda, Gram-negatif (rukunin da ke fitowa ja-ja a rinin Gram na leb), mai jela ɗaya da take iyo da ita. Mai lafiya ba ta cika damunsa ba. Tana jiran wanda garkuwarsa ta faɗi ko fatarsa ta buɗe: mai ƙuna, mai ciwon suga, wanda aka sa wa robar fitsari, wanda ke kan injin numfashi, jariri bakwaini, da wanda idonsa ya samu rauni ko kunnensa ke zubar da ruwa shekara da shekaru. Da hunturu, lokacin da jin ɗumi da ruwan zafi ke cika ɗakunan ƙuna daga asibitin Barau Dikko har na Shika, ita ma kasuwarta ke buɗewa.

Ba ta tsima suga irin yadda bakteriyar hanji E. coli ke yi. Da numfashi take samun ƙarfi, ta ƙona abinci da iskar oksijin, idan kuma oksijin ya ƙare ta koma shaƙar sinadarin naitiret, ta ci gaba da rayuwa a hankali. Gulukos ma ba shi ne zaɓinta na farko ba. Ta fi son ƙananan sinadarai masu tsami irin su saksinet da laktet, da gutsattsarin furotin, waɗanda ciwo ke cike da su. Ga ta kuma da ƙana'a: ɗan abin da ya rage a cikin tataccen ruwa ma ya ishe ta. Shi ya sa ake samunta a magudanar wurin wanke hannu, a bokitin mofa, a kwalbar ruwan da ke jikin tukunyar oksijin, a maganin ɗigawa a ido da aka daɗe da buɗewa, har da cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta da aka tsinka aka ajiye. Da aka kammala karanta kundin halittarta a 2000, an tarar da haruffa wajen miliyan 6.3, fiye da na yawancin bakteriyar da aka karanta a lokacin, kuma kaso mai yawa na kundin umarni ne na sauya abinci da fitar da guba daga jikinta.

Ɗaukar samfur

A fara wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a kawar da mugunya da mataccen nama da ragowar man da aka shafa. Wanda ya dangwali mugunyar saman bandeji ya kai leb, tarkacen da ke zaune a sama kawai ya kai. A zaɓi wurin da naman ke da rai, a dafa sandar auduga a fili mai faɗin santimita 1, a juya ta daƙiƙa 5 ana ɗan dannawa har ruwan ciwo ya fito. In da hali, ɗan yankan nama ko mugunyar da aka zuƙo da sirinji ya fi sandar auduga. Fitsari kuwa daga jikin robar ake ɗiba bayan an goge wurin, ba daga jakar da ke rataye ba. A ɗauka kafin a fara magani, a kai leb cikin awa 2, a kuma rubuta maganin da majiyyaci ya riga ya sha, har da wanda ya saya a kemis.

Tsirowar Pseudomonas a farantin da ake shuka ƙwayoyi a leb ba ta nufin lalle sai an yi allura. Idan babu zazzaɓi, gefen ciwo bai yi ja ba, bai kumbura ba, ciwon kuma ba ya faɗaɗa, to zama kawai take yi a sama, gyaran ciwo ya wadatar.

Tabbatar da ita a leb

A shuka a farantin jini da na MacConkey, wanda ke bambance masu cin sukarin laktos, a sa a inkibeta a ma'aunin zafi 35 zuwa 37 har kwana ɗaya. A kan na jini tsironta shimfiɗaɗɗe ne, bakinsa ba a daidaice ba, yana ɗan sheƙi kamar ƙarfe, sau da yawa jinin da ke kewaye da shi ya narke. A kan MacConkey fari-fari take fitowa tunda ba ta cin laktos. Kada a kai hanci cikin faranti don neman ƙamshin, idan yana nan zai iso da kansa.

Gwajin oksides shi ne mabuɗi. A ɗiga sabon haɗin sinadarin, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a kan takardar tata, a ɗebo tsiro da tsinken katako ko gefen gilashi a goga. Idan ita ce, wurin zai koma shuɗi mai duhu cikin daƙiƙa 10. Wayar ɗiba ta ƙarfe tana iya ba da launin ko da ba ita ba ce, tsiron da aka ɗebo daga MacConkey kuma yana iya ɓata sakamako, don haka daga farantin jini ko na abinci zalla ake ɗiba. A kwalbar TSI, mai gwada tsima suga, sama da ƙasa duk ja suke zama, babu iska, babu baƙi. Tana tsirowa a zafi 42, abin da 'yan uwanta irin su P. fluorescens da P. putida ba sa iyawa. Oksides ya nuna, ga shuɗin launin nan da ake kira payosayanin, ga tsiro a 42, magana ta ƙare. Akwai dai waɗanda ba sa fitar da launi sam, akwai masu ja ko ruwan ƙasa, akwai kuma masu yauƙi kamar majina, musamman daga tsohon ciwon huhu ko robar fitsarin da ta daɗe.

Gwajin faifan magani, inda aka fi yin ɓarna

A wannan gwaji ana ɗora ƙananan fayafai masu magani a kan farantin da aka shafa wa ƙwayar, a auna faɗin da'irar da ta kasa tsirowa a kewayen kowanne. Abincin gwajin shi ne Mueller-Hinton, ba wani ba. A auna giram 38 a lita 1 ta tataccen ruwa, ko abin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani, a tafasa ya narke, a turara a otokilef a zafi 121 na minti 15. Idan ya huce zuwa 45 ko 50, a zuba mililita 25 a kowane faranti mai faɗin milimita 90, a kan tebur da ba ya karkace, kaurinsa ya zama milimita 4. Mai tsimin abinci da ya zuba mililita 15 zai samu da'ira mai faɗi, ya rubuta cewa magani na aiki alhali ba ya yi. Wanda ya cika kuma zai samu da'ira ƙarama, ya hana majiyyaci maganin da zai warkar da shi. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.4.

Maganar ruwa ba ƙarama ba ce ga wannan ƙwaya. Kalsiyam da magniziyam suna manne wa fatarta ta waje, su tare wurin da amikacin da tobramycin ke kamawa kafin su shiga. Idan aka haɗa abincin da ruwan burtsatse mai yawan waɗannan sinadarai, da'irar za ta tsuke, a ce ƙwayar ta bijire alhali ruwa ne ya yi aikin. Tsami ma idan ya yi yawa haka yake yi musu.

A ɗebo tsiro 3 zuwa 5 masu kama ɗaya daga farantin da bai wuce kwana ɗaya ba, a dama a ruwan gishiri har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wato ƙwaya wajen miliyan 150 a kowace mililita. Wanda ba shi da na saye zai iya haɗawa: mililita 0.5 ta barium chloride mai ƙarfin kashi 1.175 a cikin mililita 99.5 ta sulphuric acid mai kashi 1. A rufe shi ruf, a ajiye a duhu, a girgiza kafin kowane amfani, a sabunta bayan wata 6. Ana kwatanta kwalaben biyu ne a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka. Pseudomonas tana da saurin yin kauri, ido kuma yana raina ta, don haka kuskuren da aka fi yi shi ne damu mai kauri, sakamakonsa kuwa ƙananan da'irori.

Daga nan sai ƙa'idar sha biyar sau uku. A shafa damun a faranti cikin minti 15 da haɗa shi, a ɗora fayafai cikin minti 15 da shafawa, a sa a inkibeta cikin minti 15 da ɗorawa. Wajen shafawa a matse sandar auduga a jikin kwalba, a bi farantin gaba ɗaya sau 3 ana juya shi kusurwa 60 kowane karo, a ƙarasa da zagaye bakinsa. Faifai 6 ne iyaka a faranti mai milimita 90, tsakanin tsakiyar wannan da ta wancan milimita 24 ko fiye. Faifan da ya taɓa abinci ya zauna ke nan, ba a matsar da shi, don maganin ya riga ya fara sauka.

Zoben nan mai magunguna 8 ko 10 da ake sayarwa a matsayin na Gram-negatif bai dace da wannan aiki ba. Yawancin abin da ke jikinsa Pseudomonas da ma can ba ta jin su: ampicillin, amoxicillin ko da an haɗa da clavulanate, cefuroxime, ceftriaxone, cefotaxime, co-trimoxazole, tetracycline, chloramphenicol, nitrofurantoin. Haka ertapenem. Ko an ga 'yar da'ira a gefen ceftriaxone kada a rubuta cewa yana aiki, domin likita zai gaskata, majiyyaci ya sayi allurar kwana 5 a banza. Fayafai ɗai-ɗai ake nema: ceftazidime mai maikurogiram 30, cefepime 30, piperacillin-tazobactam 100 da 10, aztreonam 30, imipenem 10, meropenem 10, ciprofloxacin 5, tobramycin 10, amikacin 30. A ajiye su a firji tare da abin tsotse danshi, a fito da su awa 1 ko 2 kafin a buɗe don kada raɓa ta kwanta musu. Imipenem ya fi kowa saurin mutuwa. Colistin kuwa ba a gwada shi da faifai, ƙwayar maganin babba ce, ba ta tafiya a cikin abincin yadda ya kamata.

A kifa farantai a zafi 35 na awa 16 zuwa 18, kada a jera fiye da 5 a kan juna, mai yauƙi a bar ta ta cika awa 24. A nan Kaduna abu biyu ke cin wannan mataki. Na farko wuta: idan aka ɗauke cikin dare, janareta bai tashi ba, tsiro ya yi jinkiri magani kuma ya ci gaba da yaɗuwa, da safe a ga da'ira fankameme. A sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki, idan ya nuna an sauka sosai a sake gwajin. Na biyu bazara: a watan Maris da Afrilu ɗaki na iya fin 35 zafi, inkibetar da ɗumamawa kawai ta iya kuwa ba ta sanyaya komai. Da hunturu kuma farantai ke bushewa su tsage, sai a ƙulle su a leda a firji, a yi amfani da su cikin kwana 7.

Ana aunawa ne ta bayan faranti, a kan baƙin abu, da rula, daga baki zuwa baki har da faifan, wanda shi kansa milimita 6 ne. Koren launin da ya malala cikin da'ira ba tsiro ba ne. A ma'aunin CLSI, hukumar Amurka mai tsara ƙa'idojin gwajin leb, ceftazidime da cefepime suna aiki daga milimita 18 zuwa sama, sun gaza daga 14 zuwa ƙasa. Imipenem da meropenem 19 da 15. Ciprofloxacin 25 da 18 tun gyaran 2019, kuma har yanzu akwai masu aiki da tsohon adadi na 21. A 2023 hukumar ta cire gentamicin daga jerin magungunan wannan ƙwaya, ta kuma taƙaita amikacin ga ciwon fitsari. Jadawalin na sauyawa, don haka a rubuta shekarar wanda ake amfani da shi a jikin bango. Duk mako, da duk lokacin da aka buɗe sabon abinci ko sababbin fayafai, a gwada ƙwayar awo ATCC 27853, wato Pseudomonas ɗin da aka riga aka san sakamakonta: ceftazidime ya ba da 22 zuwa 29, ciprofloxacin 25 zuwa 33, imipenem 20 zuwa 28. Idan ta fita daga nan, kada sakamakon ranar ya fita daga leb.

Farantin yana ba da labari fiye da lamba. Idan da'irar ceftazidime ta baje ta ɓangaren da ke fuskantar imipenem, ƙwayar tana da sinadarin AmpC mai narka magani, wanda ke farkawa idan ya ji magani, kuma tana iya bijirewa ana tsakiyar jinya. Idan imipenem kaɗai ya gaza, ceftazidime na aiki, galibi ƙofar OprD ta rufe. Wannan ƙofa ta shigar abinci ce, irin su arjinin da laisin, imipenem yana saɗaɗawa ne ta cikinta, ƙwayar kuma ta gwammace ta rasa wannan abinci. Idan kusan komai ya gaza sai aztreonam, a yi zargin sinadarai irin su VIM da NDM da ke narka carbapenem, wato dangin imipenem da meropenem, a keɓe majiyyacin, a sanar da masu kula da yaɗuwar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan a sahun farko na jerin da ta fitar a 2017.

Dalilin da ciwo ke saɓa wa takarda

A faranti ƙwayar tana cikin daula: abinci ya wadata, iska ta wadata, tana rabuwa biyu cikin ƙasa da awa 1. Yawancin magunguna kuma mai motsi suke kamawa. Ceftazidime da meropenem suna rushe bangon da ake cikin ginawa, wadda ta daina gini ba su da abin rushewa a jikinta. Amikacin da tobramycin ba sa shiga da kansu, ƙarfin lantarkin da numfashin ƙwayar ke haifarwa a fatarta ta ciki shi ke jawo su. Numfashi ya ragu, jan ya ragu.

A cikin gyambo ko a jikin roba, Pseudomonas tana gina shimfiɗar yauƙi, irin santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Na saman shimfiɗar suna shanye oksijin tun bai nutsa kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Na ƙasa sai su yi likimo, ba su mutu ba, ba sa kuma girma. Magani ya kashe na sama, zazzaɓi ya sauka, a sallami majiyyaci, bayan kwanaki na ƙasan su farka. Idan aka ɗebo su aka sake gwadawa, takarda za ta sake cewa maganin na aiki, kuma gaskiya ta faɗa, domin ba bijirewa suka yi ba, lafewa suka yi. Ƙwayar da ke cikin irin wannan shimfiɗa tana iya jure ninki 10 zuwa 1000 na abin da ke kashe ta a sake. Ga mugunya kuma da tsami da rashin iska, wurin da amikacin ya fi rauni.

Har nau'in abincin yana da tasiri. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa idan aka ba ƙwayoyin da suka lafe sinadarin fumaret, numfashinsu na tashi, tobramycin ya shiga ya kashe su, amma gilayoksilet yana kare su daga maganin. Colistin shi kuma akasin sauran yake yi, na ƙasan da suka lafe ya fi kashewa. Wannan duk aikin leb ne tukuna, kada wani ya ce zai zuba wa ciwo wani abu da sunan ciyar da ƙwaya.

Abin yi a ɗakin jinya

Hannu ne ke cire shimfiɗar yauƙi. A kankare mataccen nama, a buɗe ƙurji mugunya ta fita, a cire robar fitsari ko a sauya ta kafin a fara magani, a duba ko jini na isa ƙafar mai ciwon suga, a kuma saukar da sugan. Ga ciwon da ke sama-sama, acetic acid mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 yana aiki sosai kuma ba shi da tsada: sashen magunguna ya zuba mililita 10 ta tsantsarsa a cikin mililita 990 ta ruwan da aka turara, asid ɗin ake zubawa a ruwa ba ruwa a asid ba. A jiƙa auduga a shimfiɗa a ciwon sau 1 ko 2 a rana bisa umarnin likita. Yana da zafi, a gaya wa majiyyaci tun kafin a ɗora. Ba a kai shi ido. Idon da ya yi fari a tsakiya yana zubar da ruwa mai kore-kore, Pseudomonas na iya huda shi cikin kwana 2, don haka a wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa ko asibitin ido mafi kusa a ranar, ba tare da an ɗiga maganin da ke da siteroyid ko na gargajiya ba.

Idan ta shiga jini ko huhu ko ƙashi, cikakken awo ake bayarwa. Ga babba mai lafiyar ƙoda, ceftazidime giram 2 duk awa 8, ko piperacillin-tazobactam giram 4.5 duk awa 6, ko meropenem giram 1 duk awa 8, kuma barin ruwan ya sauka a hankali cikin awa 3 ya fi tura shi lokaci guda, domin waɗannan magunguna tsawon zamansu a jini ne ke kisa. Tsallake allurar dare saboda kuɗi sun yanke yana ba ƙwayar damar bijirewa, gara a faɗa wa 'yan uwan majiyyaci kuɗin kwanakin gaba ɗaya tun farko. Ciprofloxacin da levofloxacin ne kaɗai ake iya sha ta baki. Ciprofloxacin miligiram 750 sau 2 a rana, amma maganin olsa mai alli, maganin ƙarin jini, zinki, madara da fura da nono duk suna ɗaure shi a hanji, sai a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Idan bayan kwana 3 ko 4 babu sauƙi, a sake ɗaukar samfur, don wannan ƙwaya tana sauya hali ana cikin yi mata magani.

Kwalbar ruwan wanke ciwo ba a yi mata ciko. Ta ƙare, a wanke, a busar, a haɗa sabo na yini ɗaya a rubuta kwanan wata. Ruwan kwalbar oksijin a sauya kullum da wanda aka turara. Mofa a wanke a shanya ta a rana, kada ta kwana a bokiti. Tebur da gadon wankin ciwo a goge da bilic: wanda aka rubuta kashi 3.5 a jikinsa, awo 1 a awo 34 na ruwa don gogewar yau da kullum, awo 1 a awo 6 idan jini ko mugunya ta zuba. Tiren kayan wankin ciwo kuma kada a ajiye shi kusa da wurin wanke hannu, domin ruwan da ya daki magudana yana fantsamo abin da ke cikinta. Farantan da aka gama karantawa a turara su minti 30 a zafi 121 kafin su bar leb.